Katin Dodo a Cikin Leda

Karambani mugun hali ne, musamman irin wanda mai shi ke ɗauka taimako yake yi. Shi ya kayar da Yusha'u.

Yusha'u yana da tebur a kusurwar wani shagon shayi a kan titin Jalan Semarak, can a ƙasar waje. Yana yi wa ɗalibai fotokwafi, yana ɗaukar hoton takardu a kwamfuta, amma abin alfaharinsa shi ne injin liƙe takarda a leda. Tun yana Kano ya yarda cewa duk takarda mai daraja leda ce gatanta. Takardar haihuwa, shaidar makaranta, har rasidin firij ɗinsa, babu wadda ya bari tsirara.

Wata Laraba da hantsi Walida ta zo, ɗaliba mai karatun zane, 'yar abokinsa ce tun a gida. Ta buɗe wani ƙaramin akwati a hankali, ta fito da katuna uku na wasan yara masu hoton dodanni, 'yan Japan, bugun da.

"Kawu, hotonsu kawai za ka ɗaukar mini, gaba da baya. Na malamina ne, Dakta Hadi. Tun yana yaro a Japan yake ajiye da su. Na yi masa alkawari yadda ya ba ni haka zan mayar."

"Yanzu digirin naki a kan aljanu kike yi?"

"A kan tsarin katin, Kawu. Duba: sunan dodon a sama, ƙarfinsa da jan rubutu a gefen dama. Hotonsa a cikin taga, bayansa yana walƙiya. Ga ɗan siririn layi mai faɗin tsawonsa da nauyinsa. A ƙasa kuma irin dukan da yake yi."

"Har dodo ake aunawa a sikeli?"

Ta yi dariya, ta ce za ta shiga aji ta dawo.

Ya ɗauki hoton, aiki ya yi kyau. Da a nan ya tsaya, da babu labari. Amma sai ya jera katunan yana kallo. Biyu suna da ɗan tauraro baƙi a kusurwar ƙasa, na ukun kuwa, mai wani ƙadangare da wuta a baki, wurin fayau yake. Yusha'u ya ce a ransa tsufa ne ya goge shi. Ya ɗauko bironsa mai tsinin baki, ya ɗiga tauraro, ya hura masa iska ya bushe. Sannan ya tuna da damshin garin nan da ke cin takarda kamar gara, ga mutum ya yi digiri har uku bai san ya kare kayansa ba. Ya kunna injin leda, ya zura su. Da suka fito da ɗumi suna sheƙi, ya bi gefensu da almakashi, ya daddatse kusurwoyi.

Walida ta dawo, ya miƙa mata yana murmushi.

"Ledar kyauta ce, 'yata. Ko a kogi suka faɗa babu abin da zai same su."

Ta daɗe tana juya su. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kawu, wa ya sa ka?"

"Ai gyara ne."

"Wannan tauraron fa?"

"Ya goge ne, na mayar."

"Bai goge ba. Bugun farko ba a sa masa tauraro. Rashinsa shi ne darajarsa."

"To a ɓare ledar mana."

"Da fuskar katin za ta taho."

Washegari Dakta Hadi ya zo da kansa, Bamale ne, wato ɗan asalin ƙasar, mai sanyin magana. Bai yi faɗa ba. Ya ce biyun ana samun irinsu a wurin masu tara katuna, sai a saya a biya shi. Na ƙadangaren kuwa mahaifinsa ne ya saya masa, ko an samo wani ba shi ba ne. Yusha'u ya so ya yi gardama, amma da aka nuna masa farashin a waya sai ya nemi kujera. Shugabannin 'yan Najeriya na unguwar suka zauna, suka ce Walida amana ta kawo, wanda ya taɓa shi zai biya.

Ga abin da ya fita daga hannun Yusha'u: babur ɗinsa, injin fotokwafi, injin ledar da yake taƙama da shi, da teburin kusurwa, wanda mai shago ya ba wani mai gyaran waya. Walida tana gaishe shi in sun haɗu, amma ba ta sake ba shi riƙon ko da fensir ba. Abin da ya rage masa katunan nan uku ne da Dakta ya bar masa a cikin leda, waɗanda ruwa ba zai taɓa ci ba, kuma babu mai saye.