Launin Man Giya

Malam Datti ya ɗaga kujerar gaba ta bas ɗin, zafin inji ya buso masa a fuska. Ya bar motar a kunne, yadda ake yi in za a duba man giya, sannan ya ja baya ya ba Sani bakanike wuri.

"Ba mai ba ne," in ji Malam Datti. "Ka nemi matsalar a wani wurin. Duk Asabar nake zaro geji in duba man. Ko makon jiya ja wur na gan shi, kamar zobo."

Shekara tara ke nan yana tuƙa wannan bas mai giyar otomatik, yana kwaso yaran makarantar Hajiya Rabi da ke Abakpa, in an tashi ya mai da su gidajensu. Tsararrakin motar duk an sauke musu giya, wasu har sau biyu, amma tasa ko sau ɗaya ba a kwance ta ba. Ba ya sa ribas sai mota ta tsaya cik. In cunkoso ya yi tsawo a Kawo, sai ya mai da ita firi don kada mai ya ɗauki zafi. Ga shi yau kwana goma tana jan ƙafa kafin ta shiga giya ta biyu, in ta shiga kuma sai ta fizga. Shi ya sa ya kawo ta garejin Sani a Unguwar Shanu da hantsin nan.

Sani ya zaro gejin, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ya ɗiga man a kan farar takarda, ya daɗe yana kallo.

"Baba Datti, wannan ai ya koma kamar baƙin shayi."

"Wane irin shayi? Kawo in gani."

Ya karɓi takardar ya kai ta kusa da fuskarsa. "Ja ne mana."

Sani bai yi musu ba. Ya shiga shago ya ɗauko sabon galan, ya ɗiga ɗigo ɗaya a gefen na farko, ya juya takardar sau biyu, ya miƙa masa. "To wanne ne sabon?"

Malam Datti ya duba a inuwa. Ya fita rana ya duba, hasken ya watse masa a ido kamar an shafa wa gilashin mota sabulu. Ɗigo biyu ne, ya gan su sarai, amma duka launinsu ɗaya. Ya sunsuna.

"Bai kai ga ƙonewa ba, shi ya sa hanci bai gaya maka ba," in ji Sani a hankali. "Mun tare shi da wuri. Zan zubar da man da ke kaskon giya, in canza filta, in zuba sabo. Bayan wata ɗaya mu sake. Ba zan wanke ta da inji ba, tsohuwar giya ba ta son haka. Motar za ta tashi, Baba." Ya dubi idanun Malam Datti. "Mahaifiyata ma haka ta fara. Yanar ido ce. Aikin rabin awa aka yi mata."

Malam Datti ya zauna a kan benci. Ya tuna ranar Laraba, da la'asar, rana na dukan gilashi, sai da mai gadi ya buga jikin motar kafin ya ga wata 'yar aji ɗaya tsugune a bakin get tana ɗaure takalmi. A ranar gilashin ya zarga, ya wanke shi har sau biyu.

Kafin azahar Sani ya gama. Ya zaga da motar ya dawo yana murmushi. "Ta koma amarya. Bismillah."

Malam Datti ya karɓi makullin, ya tsaya yana juya shi a hannu. "Bar ta nan tukuna," in ji shi. Ya fita titi ya tsayar da Keke mai ƙafa uku.

Ya tarar da Hajiya Rabi a ofis tana duba takardun jarrabawa. Bayan sun gaisa ta ce, "Malam Datti, ban ji ƙarar mota ba. Giyar ce ta tafi?"

"Giya lafiyarta ƙalau, Hajiya. Direban ne."

Ya ba ta labari, bai rage komai ba, har da na ranar Laraba. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Da ka yi shiru, wa zai sani?"

"Yara goma sha huɗu nake ɗauka, Hajiya."

Ta gyaɗa kai. "Litinin ka je asibitin ido. Kabir direban gidana zai riƙe bas ɗin har a yi maka aiki ka warke. Aikinka yana nan."

"Kabir?" Fuskar Malam Datti ta canza. "Wanda yake wurga ribas mota ba ta gama tsayawa ba? Wata biyu zai kashe mini ita."

Hajiya ta yi dariya. "To sai ka zauna a gefensa ka hana shi."

Ya yi ɗan tunani. Shekara talatin da biyu yana tuƙi, bai taɓa zama a wancan ɓangaren ba. Ya ajiye makullin a kan teburinta.

"Ki ce masa ƙarfe shida da rabi," in ji shi. "Ya biyo ta gidana ya ɗauke ni."