Jar Tutar da Ke Hannuna

Aikina a jirgin masu cike teku da yashi don a samu filin gini ba shi da wahala. Ina tsaye ne a can sama da madubin hangen nesa, da oba-oba, da jar tuta. An jera jarkoki a kan ruwa sun kewaye mu. In na ga dolfin, farar dabbar teku mai kama da babban kifi, ta shigo cikin da'irar sai in ɗaga tuta, a tsayar da injin da ke buga turakan ƙarfe a ƙasan teku, don ƙararsa tana kurmantar da su, kuma dolfin da ta kurmance ba ta iya neman abinci. In ta fita sai in sauke.

Kawuna Kam-shui ne ya samo mini aikin. Da masunci ne, yanzu da kifi ya ƙare yana jigilar ma'aikata a ƙaramin jirginsa. Kullum ya hango ni sai ya ce, "Ranka ya daɗe, mai gadin kifi!" Ya ce a zamaninsu korar farare, wato dolfin, suke yi daga raga, yau ga ɗan ƙanwarsa yana cin albashi a kan kallonsu. Ni dai dariya nake yi. Ban yi nisa a makaranta ba, amma ido ina da shi, a kan ruwa aka haife ni.

Wata safiya, inji ya fara bugu ke nan, na hango wani abu fari a kusa da jarkokin gabas. Na ɗaga tuta, aka tsaya. Da na duba da kyau sai na ga uwa ce, tana turo wani abu mai ruwan toka da bakinta. Ɗanta ne, ya mutu. Takan ɗago shi sama kamar zai sha iska, ya sulale ya nutse, ta bi shi ta sake ɗagowa.

Oga Tsang, shugaban aikin, ya kira ni a oba-oba ya tambayi yaushe za ta fita. Na ce ban sani ba. Mutum ne mai haƙuri, bai taɓa zagina ba, amma shi ma akwai na sama da shi, ga jiragen yashi sun yi layi suna jira. Rana ta take, ba ta fita ba. Gari ya waye, tana nan, fatar ɗan har ta fara saɓulewa.

Sai Oga ya hawo inda nake, ya miƙo mini shayi, ya ce akwai wani yaro a ofis da zai iya riƙe tuta, kuma idonsa bai kai nawa ba.

"Ka gane ko, Sai-wing?"

Na ce na gane, yallaɓai. Ban sauke tutar ba. Amma na san da albashin nan muke ci, don Inna ta daina soya kifin sayarwa tun da na fara wannan aiki.

Kawu ya ce a bar shi ya gwada irin ta da. Ya matsa kusa da uwar dolfin, ya ɗauki guntun ƙarfe yana dukan gefen jirginsa, yadda suke korar su daga raga. Ta nutse, muka yi ta jira, sai ga ta ta ɓullo a wuri ɗaya da ɗan a bakinta. Ya ƙara bugawa. Can sai na ga ya ajiye ƙarfen ya zauna.

Da ya dawo gindin jirginmu bai tsokane ni ba. Ya ce wa Oga ba za ta tafi ba sai inda ɗanta ya tafi. Ya kunna turare a ɗan akwatin gunkin Tin Hau, uwar teku mai tsare masunta, da ke gaban jirginsa, ya yage jan ƙyallen da ke kai, ya koma. Ya jira ɗan ya sulale daga bakinta, ya tare shi da raga, ya ɗaure wutsiyar da ƙyallen, ya haɗa da igiya. Bai ɗora shi a jirgi ba, mutanenmu ba sa yin haka. Ya kama hanyar teku a hankali, ɗan yana bin bayansa a ruwa, uwar tana biye, tana taɓa shi da baki.

Na bi su da madubi har suka wuce jarkar ƙarshe. Oga ya kira sunana a oba-oba, a hankali, sau biyu. Ruwan da ke cikin da'irar babu kowa. Na sauke tuta, inji ya ci gaba, har ƙarfen da nake tsaye a kai yana girgiza.

Da yamma Kawu ya dawo da igiyar a naɗe. Inna ta zuba masa shinkafa da kifin gishiri, ya zauna yana kallon kwanon. Na tambaye shi inda ya sake su. Ya ce bayan wani tsibiri da ke can gaba, inda ya kashe injinsa ya sa kunne a katakon jirgi.

"Ana jin bugun a can, Kawu?"

"Kaɗan-kaɗan," in ji shi.

Har yanzu ina kan aikin. Turakan sun yi gaba, an matsar da jarkoki wajen tsibirin, kuma nan nake kai madubina da farko kowace safiya.