Wata Mata a Getso

Malam Tasi'u ya juyo wa Badi'a fuskar kwamfutarsa. Babi guda na aikinta na kammala karatu ya yi jawur, sai ka ce an watsa masa manja.

"Na'urar gano satar rubutu ta ce kwafa kika yi," in ji shi. "Baitocin nan kaf suna cikin littafin wani Bature, an buga shi a ƙasarsu tun ba a haife ki ba."

Badi'a ta ce, "Malam, wallahi waƙoƙin daka ne na kakata, Gwaggo Altine. Daga bakinta na ɗauka!"

Ya nuna mata shafin. A ƙarƙashin kowace waƙa an rubuta: wata mata a Getso.

"To shi wa ya ba shi izini?" ta tambaya.

"Cewa zai yi dokarsu ta bar mai bincike ya ɗebo don nazari. Ke kuwa baiti kaɗan za ki tsakura, ki sa sunansa. Fiye da haka, sai kamfanin da ya buga ya yarda. Ki kawo shaidar nata ne kafin kwamiti ya zauna, in ba haka ba ki maimaita shekara."

Maimaita shekara! Babanta da ya sayar da awakinsa don karatunta, da wane baki za ta gaya masa?

* * *

Da ta isa Getso, ta tarar da Gwaggo a tsakar gida tana surfen gero. Ko gaisuwar kirki ba su ƙarasa ba Badi'a ta jefo maganar Baturen.

"Af, na tuna shi," Gwaggo ta ce tana dariya. "Mai jajayen kunnuwa, da akwatin ɗaukar magana. Ta bayan zana na yi masa waƙoƙin, ina amarya."

"Kin faɗa masa sunanki?"

"Ke, rufa mini asiri! Matar aure ta faɗa wa baƙon namiji sunanta? Ya tambaya kuwa, kakanki ya ce ba a haka a gidan nan."

"Wa ke wurin?"

Gwaggo ta lissafo su, duk sun riga mu gidan gaskiya. Badi'a ta zauna daɓas a bakin rijiya. Da kyar ta yi wa tsohuwar bayani: sai ta cire waƙoƙin, 'yan baitocin da suka rage kuma ta rubuta sunan Baturen a ƙasansu.

Gwaggo ta koma kan turminta. Ta ɗaga taɓarya, bakinta ya buɗe da kansa zai fara waƙa yadda ya saba, sai ta tsaya cak.

"Badi'a, to ni fa? In na yi a nan cikin gida, babu abin da za su yi miki?"

"Babu, Gwaggo."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, amma ba ta yarda ba. Haka ta ƙarasa surfen bakinta gum, ba ka jin komai sai bugun turmi.