Sai Bayan Hidima

A gidansu da ke Mayo, kudancin Khartum, Ishaku ake kiranta. Shi ne sunan da aka raɗa mata, shi ne a takardun makaranta, shi kuma mahaifinta Malam Lawal yake kira idan zai fita masallaci. A idon kowa namiji aka haifa. Amma tun tana 'yar shekara shida ta san ita mace ce, kuma da ta kai sha huɗu sai ta zaɓar wa kanta suna, Mawahib. Mutum ɗaya ne ya san da sunan: Gwaggo Sittana, ƙanwar mahaifinta, mai yi wa amare lalle a Umdurman.

Ranar da ta faɗa mata, Gwaggo tana tankaɗe garin lalle. Ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta kuma ce ta yi daidai ba. Sai da ta gama tankaɗen, sannan ta ce, "To, ke, miƙo min kwanon can." Daga ranar, in su biyu ne a ɗaki "ke" take ce mata. In wani ya shigo sai ta koma "kai", harshenta bai taɓa tuntuɓe ba.

A shekarar 1998 Mawahib ta gama sakandare, tana da shekara sha takwas. Muryarta ta riga ta buɗe tun tuni, ta yi kukan wannan ta haƙura. Fuska ce yanzu ta hana ta sakat. Mazan gidansu gemu ba ya zuwar musu da wuri, amma in ya tashi zuwa gaba ɗaya yake zuwa. Yayanta Ibrahimu, mai gyaran mota a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, har ya kai sha tara fuskarsa sumul take. Kafin ya cika ashirin da ɗaya ya zama Malam Lawal sak, gashi har wuya, kafaɗu sun cika ƙofa. Ita kuwa 'yan tsirarun gashi ne suka fara tsiro mata a haɓa, tana tsige su ɗaya bayan ɗaya, suna dawowa da 'yan rakiya.

Gwaggo ce ta samo likita. Diktora Awadiyya tana duba masu ciwon sukari da maƙoƙo, kuma Gwaggo ta yi wa 'ya'yan likitar mata biyu lallen aure, ta san cikinta. Wata ranar Talata bayan la'asar suka je ɗakin da take ganin marasa lafiya, a saman wani kantin yadi. Suka jira har kowa ya watse.

Likitar ta saurare ta ba ta katse ta ba. Ta yi mata tambayoyi masu yawa, tun yaushe, wa ya sani, ko ta taɓa tunanin cutar da kanta. Ta auna jininta, ta ɗaga haɓarta ta duba a hasken taga. Da Larabci suke magana, kuma tun daga jimla ta biyu likitar ta fara kiranta da lafazin mace.

"Zan gaya miki abin da maganin homon, wato sinadarin jikin mace, yake yi da abin da ba ya yi," in ji ta. "Murya ta tafi, ba zai dawo da ita ba. Ƙashin da ya girma ba ya komawa. Amma abin da bai riga ya zo ba zai tsayar da shi. Gashi zai rage ƙarfi, fata ta yi laushi. Tsakanin wata uku zuwa shida ƙirji zai fara fitowa, shi kuma in ya fito ya fito ke nan, ko kin daina sha."

"Abin da nake so ke nan," Mawahib ta ce.

"Na sani. Da a ce jiki kaɗai nake dubawa, da yau zan ce ki fara. Kin yi hidima?"

Mawahib ta ciro takarda daga aljihu. A waɗancan shekarun duk namijin da ya gama sakandare sai ya yi hidimar soja ta dole kafin a ba shi sakamakon jarrabawarsa. Takardar ta ce ta kai kanta sansani nan da mako biyar.

Likitar ta karanta, ta cire tabarau ta ajiye.

"A sansani mutum ɗari suke wanka a famfo ɗaya. A jere ake tuɓe riga gaban likitan soja, ranar shiga da duk ranar da suka ga dama. Wata biyu na horo, shekara guda ta aiki. Sannan wannan magani ba a shansa sai ana gwada jini. Wa zai gwada miki a can?"

"In na ƙi zuwa fa?"

"Babu sakamako, babu jami'a, babu fita ƙasar. Kuma duk gadar da za ki haye sai sojoji sun sauke ki daga mota sun nemi katin hidima."

"Wata sha huɗu ne fa, Diktora. In na dawo ba wannan fuskar zan kawo miki ba."

"Haka ne. Ba zan ce ba za ki yi asara ba, za ki yi. Amma gashi yana da dabara daga baya. Abin da za su yi miki a can in suka gani, shi ne ba ni da maganinsa. Ki dawo min da katin, ranar zan rubuta miki maganin."

A hanyar komawa, sai da za su rabu a tasha Gwaggo ta riƙe hannunta ta ce, "Matar nan ba ƙi ta yi ba. Kada ki je ki yi wauta."

Wautar ta yi. Ta taɓa jin cewa ƙwayoyin tazarar haihuwa suna da homon ɗin mata a ciki, don haka ta shiga wani kantin magani nesa da unguwarsu ta ce matar yayanta ce ta aiko ta. Ta ɓoye su cikin safa. Kwana huɗu tana haɗiye ɗaya kowace safiya. Ba abin da ya canja sai tashin zuciya, amma a kwanakin nan huɗu ta ci abinci da daɗi, har ta yi wa Ibrahimu dariya.

A rana ta biyar ta fito ta tarar da Malam Lawal zaune a inuwar rumfa, yana ɗinke hannun jakar da za ta tafi da ita, da allurar buhu. Ya ce ta zauna.

"Ishaku, na san ba ka da ƙarfin yayanka. Kada ka yi musu gardama, kada ka yi fice a komai. In suka nemi masu zuwa yaƙin Kudu, ka dubi ƙasa. Ba na neman komai a wurinka sai ka dawo."

Ta koma ɗaki ta ciro ƙwaya ta biyar. Ta ƙirga watanni da yatsu, ta sake ƙirgawa, duk inda ta biyo lissafin yana ajiye ta a tsakiyar bariki. Tana zaune da ƙwayar a hannu har gumi ya narkar da ita. Sauran ta zuba a masai.

A sansani aka aske mata kai tas. Ta yi gudu a rana, ta yi rarrafe a ƙaya, ta amsa "Fallati" duk lokacin da aka kira ta da shi, sunan da ake kiran duk mai asalin Afirka ta Yamma. Kyawun rubutunta ne ya cece ta daga Kudu: aka tura ta ɗakin ajiyar kaya na wani bariki, tana rubuta buhuna tana kuma ɗaukarsu. A wata na bakwai gemun ya zo, kamar yadda ta sani. Dokar wurin ita ce aski kullum da safe. Ta koyi yi da lalube, ba ta duba madubi. Rigar da ta zo da ita daga gida ta daina shigarta a kafaɗa.

Ranar da aka ba ta katin ba ta biya Mayo ba, Umdurman ta wuce. Gwaggo ta buɗe ƙofa ta tsaya tana kallonta, sai da ta ɗan jima kafin ta ce, "Shigo, kin rame." Ƙarya ce, kuma dukansu sun sani.

Diktora Awadiyya ba ta nan. Wata uku da suka wuce ta bi mijinta Jidda, kamar likitoci da yawa a lokacin. Amma ta bar ambulan a hannun Gwaggo. A ciki akwai sunayen magunguna biyu, da yadda ake farawa kaɗan-kaɗan, da gwaje-gwajen da za a riƙa yi, da sunan wata mata mai ɗakin gwajin jini wadda ba ta da yawan tambaya. Babu hatimi, babu sa hannu. A ƙasa ta rubuta layi ɗaya: kada ki fara sai kin san inda za ki zauna bayan wata shida.

"Nan fa?" Mawahib ta tambaya.

Gwaggo ta nuna tsakar gidan da haɓa. Iyali uku ne suke haya a ciki, banɗaki ɗaya. Mijin ɗaya daga cikin matan yana kwamitin unguwa, kuma a watan jiya 'yan sandan ɗa'a sun kama yarinyar maƙwabta saboda ta sa wando.

"Zan iya ɓoye ki mako biyu, ko wata," ta ce. "Shekara ba zan iya ba. Akwai wata da muka koyi lalle tare, tana Alƙahira. Na aika mata, ta ce ki zo."

Zuwa Masar sai da fasfo, fasfo kuma sai da takardar zama ɗan ƙasa. A ofishin ba da takardar, ma'aikacin ya ji Mayo, ya ji Lawal, ya ɗago kai. Ya ce a kawo shaidar cewa a nan aka haifi kakanta, kuma uban ya zo da ƙafarsa ya yi rantsuwa. Kakan kakanta ne ya taso daga ƙasar Katsina zai je hajji, ya tsaya noman auduga a Jazira, amma wannan labari ba takarda ba ne.

Ta sami Malam Lawal bayan azahar ta ce tana son zuwa Masar karatu. Ya daɗe yana kallonta.

"Karatu," ya maimaita. Bai ƙara tambaya ba. "Bari a gama bikin Ibrahimu bayan babbar salla, sai mu je."

Saura wata huɗu ke nan. Huɗu bai kai shida ba. Ta san likitar ba haka take nufi ba, ta kuma san in ta jira fasfo tana iya jira har ta yi furfura. A makon ta je aka ɗebi jininta, ta fara shan maganin.

Aka yi salla, aka yi biki. Suka je ofishin, aka ce mai hatimi ya tafi hutu. Suka koma, aka ce takardar Jazira ba ta fito da kyau ba, a samo wata. Malam Lawal ya hau mota har Madani, babban birnin Jazira, ya samo. A lokacin ƙirjinta ya fara tsami, ko riga ta goga sai ta ji. Ta daina cire kaya a ɗakin da take kwana da 'yan uwanta. Ta karɓi tsofaffin jallabiyoyin Ibrahimu masu faɗi, tana tafiya a ɗan duƙe. Wani lokaci in tana wanke fuska sai ta ji laushin kumatunta, farin ciki ya taso mata, tsoro ya biyo bayansa nan take.

A wata na biyar suka sake zuwa. Tun hantsi suke zaune a benci har aka kira azahar. Ma'aikacin ya juya takardun, ya ce komai ya cika, sai dai kwamiti bai zauna ba, su dawo bayan mako biyu.

Suka fito. Iska tana kaɗawa daga bakin kogi, tana manna wa mutane tufafinsu a jiki. Malam Lawal yana gaba, ya waiwayo zai yi magana, sai ya mayar da idonsa kan titi. Suka yi tafiya mai ɗan nisa.

"In za mu dawo," ya ce, "ka ƙara wata riga a ciki. Wannan ta yi shara-shara."

Ta ce, "To, Baba."

Motar Mayo ta zo cike. Ya tura ta gaba ta zauna jikin taga, shi ya zauna a gefenta, ya ɗora jakar takardun a cinyarta ya ce ta rungume da kyau kada ta faɗi. Haka ta rungume ta har suka sauka.