Kashim Mai Jiran Kwamfuta

Kowa a unguwa ya san Kashim a matsayin mai yin katun, wato zane mai motsi, sai dai babu wanda ya taɓa ganin katun ɗin da ya yi. Da ya gama karatu sai ya tara ɗan siririn gemu, ya saka tabarau marar magani, shi da abokinsa Dzarma, ɗan wani malamin makaranta daga Biu, suka kama shago kusa da GRA a Maiduguri. Dzarma ne ke zama ciki yana gyaran hotunan biki da haɗa bidiyon suna. Shi kuwa Kashim benci ne ofishinsa, a gindin darbejiya, inda yake tare duk mai wucewa da bayanin kwamfuta.

Baki kam akwai shi. Ya san wane katin girafik ne ya fito bana, wane furosesa ne ke zafi, ram nawa ne zai ɗauki aikin katun. Ka tambaye shi ina aikin, sai ya dube ka da tausayi.

"Da wannan akwalar?" Ya nuna kwamfutar Dzarma da leɓe. "Ka taɓa ganin an yi huɗa da akuya? Bari kayan aiki su zo, ka sha kallo."

Wata rana wani mai sayar da shinkafa daga Zabarmari, Alhaji Adam, ya zo shagon. Yana son 'yar gajeriyar talla da zai yawata a wayoyi: buhun shinkafa mai ido da baki, yana rawa yana kiran masu saye. Kashim ya miƙe tsaye ya zana masa tallar gaba ɗaya a iska da hannu, har da yadda buhun zai kashe ido. Alhaji Adam ya yi ta dariya, ya ce a fara. Da ya tafi Dzarma ya ce su gwada da kwamfutar da ke hannu, ko a hankali ne.

"Sunana ba zai hau aikin da aka yi a kan wannan abar ba," in ji Kashim.

Aka yi girbi, aka sake shuka, buhu bai yi rawa ba.

Kashim yana da yaya, Ya Kellu, wadda ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Bijimai take turkewa a gida, in sun yi ƙiba dillalinta ya kai Kasuwar Shanu. Ba ta san ram ba, ba ta san furosesa ba, amma kunnenta ya gaji da jin sunansu a kan kowane kwanon tuwo. Ran nan ta sa aka fitar da bijimai biyu, ta yafa mayafi, ta same shi a benci.

"Tashi mu je," ta ce.

"Ina, Ya Kellu?"

"Wurin abin nan da ya hana ka aiki. Yau za a saya."

Ta sa shi gaba har shagon Elnathan, wani mai sayar da kwamfutoci. Elnathan ya fito da ta farko, Kashim ya ce katinta na bara ne. Ya fito da ta biyu, ya ce wannan zafin Maiduguri zai dafa ta. Ta uku ko taɓa ta bai yi ba, ya ce ta yara ce masu wasan ƙwallo. Yana magana yana satar kallon ƙofa.

Ya Kellu ta gyara zama. "To wacce ce ba ta da aibi? Faɗi sunanta."

Nan Kashim ya ga mafita. Ya lissafo kayan da ya tabbata babu su a duk Arewa: kati mafi ƙarfi da aka ƙera, ram har iyakar abin da injin zai ɗauka, na'urar sanyaya inji mai aiki da ruwa maimakon fanka, akwati na gilashi mai fitilu. Ya gama ya jingina, yana jiran a ce ai sai Turai.

"Akwai," in ji Elnathan. "Ina da mutum a Legas. Mako mai zuwa tana nan."

Ya Kellu ta ce a kawo. Kashim ya yi godiya da murya irin ta wanda aka yi wa ta'aziyya.

Kwamfuta ta iso, ƙatuwa kamar ƙaramin firji, maƙwabta suka yi ta leƙe. Aka kunna, aka ɗauke wuta. Fuskar Kashim ta washe.

"Kin gani ko? Injin irin wannan ba ya zama da wutar garin nan."

Ya Kellu ta sake kiran dillalinta. Bijimi na uku ya tafi kasuwa, aka kafa sola a rufin shagon, da inbata da batura. Kashim ya ce zafi, aka saka na'urar sanyaya ɗaki. Ya ce kujerar tana sa masa ciwon baya, ta aiko da ta ɗakinta. Ranar da aka gama ta zo da kanta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Saura me?"

Ya duba sama, ya duba ƙasa. "Babu."

"To bismilla."

Kashim ya zauna. Fitilu suna ta canja launi, injin yana numfashi a hankali, yana jira. Ya ɗauki alƙalamin zane. Kwana da kwanaki yana abu ɗaya, in Dzarma ya matso sai ya kare allon da kafaɗa. Da Alhaji Adam ya gaji ya zo da kansa, dole aka kunna masa.

Wani abu ne ya bayyana, fari, mai kumburi, da ido ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya ɗan karkata hagu, ƙafarsa ta shige cikinsa, ya tsaya. Tallar ke nan.

Alhaji Adam ya matso da fuska. "Wannan kwaɗo ne?"

"Buhu ne, Alhaji."

"Ba shi da lafiya ne?"

Dzarma ya fita waje don kada dariya ta ƙwace masa. Kashim kuwa ko gezau. Ya cire tabarau, ya goge, ya ce matsalar allon ce, ba ya fitar da launi na gaskiya, kuma duk mai sana'ar nan ya san sai da allo na musamman ake gane zane.

Ya Kellu tana zaune a gefe. Ta dube shi, ta dubi abin da ke kan allon, ta tashi ta gyara mayafinta.

"Kashim, saura bijimi ɗaya a gidana, kuma ya fi ka aiki. Shi aƙalla yana ƙiba."

Daga ranar ba ta sake taka shagon ba. Alhaji Adam ya kai tallarsa gidan rediyo. Dzarma ya kwashe kayansa ya koma wani shago, ya ce ba zai iya zama da injin da ke cinye batir yana haska bango ba.

Da mai kunya ne, da nan ya tsaya. Kashim sai ya jingina wayarsa a kan kwali, ya zauna gaban akwatin gilashin, fitilu na walƙiya a bayansa, ya ɗauki bidiyon kansa yana bayanin irin kwamfutar da ta dace da mai son yin katun. Ya saka a intanet. Mutane suka kalla. Ya yi na biyu a kan katin girafik, na uku a kan kurakuran da sababbin shiga ke yi. Samari daga Kano da Yola suka riƙa turo tambaya suna kiransa Malam.

Kwanan baya wata ƙungiya ta shirya wa matasa bita a kan sana'ar katun a wani zaure a GRA, kuma Kashim ne babban baƙo mai jawabi. Ya yi magana tun hantsi har aka kira azahar. Aka tafa masa, aka miƙa masa lambar yabo, matasa suka yi layi suna ɗaukar hoto da shi. Babu wanda ya ce ya zana ko da'ira.