Makullin Ɗan'azumi

Ni na kafa na'urar, kuma babu wanda ya shigo cibiyarmu ta malamai a Bouza ya fita ban gaya masa haka ba. Wata tsohuwar ordinata ce, wato kwamfuta, na gyara, na sa mata babban diski, na ajiye ta a ƙaramin ɗakin da ke bayan buro, wato ofis. Sati uku na yi ina sauko da lojisiyel, wato manhajoji, daga intanet, da koneksiyon ɗinmu mai tafiyar jakin da aka cika wa kaya. Dabarar ita ce a sauko da komai sau ɗaya, sai malaman Karofane da Tama da Babankatami su kawo ordinatocin makarantunsu, su jona waya, su kwashi abin da suke so cikin minti goma ba tare da intanet ba. Malamai suka sa wa na'urar suna rumbu. Ni kuwa suka koma kirana Injiniya, ban taɓa hana su ba.

Mai gadinmu, Baba Ɗan'azumi, ya haura shekara sittin. Shi ke riƙe da makullin ɗakin, shi ke share shi. A da, in hadari ya haɗo, yakan yanke kuran na gidan gaba ɗaya, wato wutar lantarki, don tsoron tsawa. Tun farkon damina na sa wa na'urar batir da abin kariya, na ce masa ya daina.

Wata Talata cikin Agusta na ga diski ya kusa cika. Na zauna in share tsofaffin lojisiyel, waya a kunne, ina musu da ƙanena kan takin gona. Na rubuta umarnin, na danna. Sai da na ajiye wayar na ga ban ƙarasa rubuta sunan wurin ba. Maimakon ɓangare ɗaya, rumbun duka na share. Kwafin ajiya kuwa, wata biyu ke nan ina cewa gobe zan yi. Na kashe allo, na tafi gida kamar ban ga komai ba. Da la'asar aka yi ruwa mai tsawa.

Washegari malamai goma sha bakwai suka iso, wasu sun turo moto, wato babur, cikin laka, ordinatoci a ƙunshe cikin leda. Suka jona, babu komai. Madam Nasiba, shugabar cibiyar, ta dube ni a gabansu.

"Abdoulkadir, mi ya hwaru?"

Na yi ta danne-danne kamar mai bincike. Can na ce, "Wataƙila an yanke kuran jiya lokacin ruwa, shi ya ɓata diski."

Wataƙila kawai na ce, kuma na daɗe ina lallashin kaina da wannan kalmar. Amma gidan kaf an san wanda ke yanke kuran. Aka kira Baba. Ya saurara, ya dube ni, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya durƙusa gaban mutanen da ya isa ya haifi yawancinsu.

"Ku yi haƙuri, Madam. Malamai, ku gahwarce ni, na sa kun sha hanya banza."

Madam ta karɓi makullin. Ta ce ya zauna gida, ranar Asabar kwamiti zai duba ko zai ci gaba da aiki. Ni kuwa na ci gaba da kallon allo.

Kwana biyu na yi ina sake sauko da kayan daga farko. Duk sanda na fito shan iska sai in ga tabarmarsa a naɗe jikin bango. Matata ta tambaye ni ko cikina ne ke ciwo, don tuwo ba ya shiga. Kunya ce, irin wadda ke sa mutum ya kasa amsa gaisuwar maƙwabci da kyau.

Ranar Juma'a da safe na shiga buron Madam, na buɗe mata tarihin umarnin da ke cikin na'urar: ga sunana, ga lokacin, awa biyu kafin ruwa ya sauko. Ta karanta har sau biyu. Da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi. Ta ciro makullin daga jakarta, ta ajiye a gabana.

"Kai za ka kai mishi. Gobe kuma kai za ka tsaya gaban kwamiti."

Na same shi a gonarsa bayan gari yana maimai, gero ya kai masa gwiwa. Ya jingine hauya, ya gaishe ni da girmamawa kamar kullum, yana ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko. Muka zauna ƙarƙashin gawo. Na gaya masa komai, idona a ƙasa, na miƙa masa makullin da hannu biyu.

Ya daɗe yana juya shi a tafin hannunsa.

"Ke nan ban taɓa kuran ba, Mushe?"

"Ba ka taɓa ba, Baba."

"Ni ma haka nika tuna. Amma da ka hwaɗi, sai na ce mai ilimi ba shi hwaɗin abin da bai gani ba cikin na'ura. Na ce ni na yi, na mance." Ya goge fuskarsa da hannun riga. "Haka mahaihina ya hwara, mantuwa kaɗan-kaɗan, har ya zo bai gane mu. Jiya na tara ɗiyana, na zaga da su na gwada musu iyakar gonakina, tun hankalin bai ida tahiya ba."

Na ɗago ido na dube shi. Shi kuwa murmushi yake yi, na mutumin da aka sauke wa kaya.

"Ashe lahiyata lau. Allah shi saka maka da alheri da ka zo, Mushe."

Na kasa cewa amin.