Inda Ba Mu da Kowa

Uwaisu ya sayi jakar tun kafin ya san inda za shi. Jakar goyo ce koriya, irin ta masu hawan duwatsu, igiyoyi ta ko'ina kamar za a ɗaure akuya. Ya kawo ta gida a unguwar Morris Heights da ke Bronx, ya jingina ta da bangon falo, ya ja da baya yana kallonta. Shekarunsa masu yawa yana ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a Bronx, bai taɓa hutun kirki ba. Bana ya tattara hutunsa kaf, ya samu kusan wata biyu a lokacin zafi. Burinsa ɗaya ne tak: ya tafi wata ƙasa da jakarsa, kayansa kawai a ciki, babu saƙon kowa.

Kada ku ce ya cika son kai. Ba ku san mahaifiyarsa ba ne. Hajiya Halima Sa'adiya, wadda yake kira Umma, ba ta yarda mutum ya bar gari haka kawai ba. Bara da asibiti suka tura shi taro Minnesota, riga uku ya ɗauka, amma da akwati biyu ya tafi. Akwai turamen atamfa, akwai na'urar markaɗe, akwai daddawar da ta bi ta kama duk kayansa, har abokan aikinsa suka riƙa barin kujera ɗaya tsakaninsu da shi. Taron kuwa rabinsa ya halarta. Sauran lokacin yana cikin tasi yana neman gidajen mutanen da bai taɓa gani ba, kowane gida sai an cika shi da tuwo.

"Turkiyya nake tunani, Umma," ya ce da ita ran nan suna karyawa.

Fuskarta ta washe. "Masha Allah. 'Ya'yan Alhaji Abdulƙadir biyu suna karatu a can. Ga kuma Sumaya da ta haihu."

Nan take Turkiyya ta fita daga ransa.

Bayan kwana biyu ya ce Peru. Umma ba ta ma san da wata ƙasa Peru ba, sai ta ɗauki waya ta kira ƙawarta Mma Tahiratu. Ita wannan 'yar zangon Kumasi ce, tana da shago kusa da Fordham Road inda take sayar da manja da garin rogo da busasshen kifi, amma ainihin sana'arta sanin inda kowa yake a duniya. Kafin la'asar ta kira. Akwai wani Mutaru, jikan maƙwabcinsu, jirgin ruwa ya ajiye shi a can tun tuni, har ya yi aure. Uwarsa ta ce don Allah a kai masa shito, wato soyayyen yajin nan nasu, kwalba huɗu.

Uwaisu ya koma ɗaki ya buɗe taswira a waya. Da can kyawun wuri yake dubawa, tafkuna da tsaunuka. Yanzu ya daina wannan shirmen. Abin da yake nema kawai shi ne ƙasar da Bahaushe bai taka ba, wadda sanyi ko nisa ya kore mu daga cikinta. Ya zaɓi Iceland, ya fito da ƙarfin gwiwa.

"Wane mahaukaci ne zai zauna cikin ƙanƙara?" ya ce a ransa.

Ashe akwai. Sunansa Gafaru, yana aiki a kamfanin kifi, kuma da ya ji labari shi da kansa ya turo saƙon murya yana kuka-kuka, wai rabonsa da yaji tun kafin korona.

Abin ya ishi Uwaisu. Ya ji haushin Gafaru, ya ji haushin Mutaru, ya ji haushin duk wani ɗan uwa da ya kasa zama gidan ubansa. Sai da ya yi mako guda bai ƙara ambaton ko'ina ba. Jakar tana nan jingine, Umma har ta fara rataya mata hijabi.

Ranar wata Lahadi ya ce, "Mongoliya. Kuma ba birni ba, can cikin daji wajen makiyaya."

Mma Tahiratu ta ce a ba ta zuwa dare. Dare ya yi, shiru. Ta shiga duk zaurukan waya da take ciki, na 'yan Kumasi, na 'yan Nima, na matan Kano, na direbobin tasi. Ranar Juma'a ta sa aka yi cigiya a ƙofar masallaci. Daga ƙarshe ta hawo benen da kanta, tana haki, ta zauna ta cire takalmi.

"Hajiya, na gaji," ta ce. "Ko ɗan Nijar mai sayar da agogo babu. Wannan wuri, Allah kaɗai ke can."

Uwaisu ya shige bayi ya rufe ƙofa, ya yi rawa ba kiɗa. A daren ya sayi tikiti.

Ya zaci Umma za ta yi faɗa, ya ma shirya amsoshinsa. Ba ta yi ba. Ta cire hijabinta daga jikin jakar, ta wanke masa safa, ta tambaye shi ko can ana samun ruwan alwala. Wayarta da ba ta hutawa ta yi shiru. Tun rasuwar mahaifinsa su biyu ne a gidan, kuma bai taɓa jin gidan ya yi faɗi haka ba. Nasarar tasa sai ta fara yi masa ɗaci, amma ya dake.

Ranar tafiya da safe ya goya jakar ya gwada. Sakayau, babu nauyi. Yussif mai tasi yana ƙasa yana jira. Uwaisu ya durƙusa zai yi sallama, sai Umma ta miƙa hannu bayan kujera ta jawo wani ƙunshi. Baƙar leda ce an naɗe ta da salatif tam, yadda take naɗe kowane saƙo, da farar takarda manne a sama inda ake rubuta sunan mai shi. Wannan karon ba a rubuta komai ba.

"Umma, mun yi da ke babu kowa a can."

"Na sani."

"To na wane ne?"

Ta dube shi kamar ranar ta fara ganin wautarsa. "Kai kana tsammanin rashin yaji zai kashe Gafaru ne? Ko mutanen Minnesota ba su san hanyar kanti ba? Ina ba ka saƙo ne don a buɗe maka ƙofa. A ga fuskarka, a zaunar da kai, a kira ni a ce ya iso, ya ci abinci. Ba a ƙwanƙwasa ƙofar mutane hannu rabbana."

Uwaisu ya karɓi ƙunshin. Kunya ta kama shi, da tausayinta.

"Turmin atamfa ne da turaren wuta da dabino," ta ce. "Duk wanda ya fara ce maka zo ka ci, shi ne namu a can. Ka ba shi. Ka ba shi lambata kuma."

"Umma, ba ya jin Hausa. Ƙila ko Turanci ba ya ji."

"Ba sai ya ce komai ba. Ya dai kira, in ga fuskar wanda ɗana yake hannunsa."

Yussif ya danna hon daga ƙasa. Uwaisu ya sauke jakar, ya kwance igiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Ƙunshin ya ƙi shiga. Ya fitar da takalminsa na biyu, bai shiga ba. Ya fitar da ɗan murhun gas ɗin da ya daɗe yana alfahari da shi, sannan ya danna da gwiwa har zif ya rufu. Da ya sake goya ta sai da ya ɗan yi tangaɗi.

"Ta yi nauyi?" Umma ta tambaya.

"A'a, Umma," ya ce. "Daidai take."